Gidajen da Ba Su da Lamba

Hawa na biyu, kasuwar kwamfuta ta titin Wilson.
Lima na ta yayyafinta da ba ya jiƙa ƙasa,
sai ga Don Anacleto Pumacayo
rungume da injinsa cikin bargo, kamar jinjiri.

"Nélida, an yi mini sakiyar da ba ruwa.
Giga takwas 'yata ta aiko daga Madrid,
da hannuna na cusa su,
amma 'yar banzar nan uku da ɗoriya ta sani.
Sauran fa? Ɓera ya ci?"

Na kwance noti huɗu, na hure ƙura.
Sandunan ƙwaƙwalwa biyu zaune daram,
ba wadda ta goce, ba wadda ta ƙone.

Na ce, Don, ba sata aka yi ba.
Ɗauka ɗan aiken gidan waya ne
wanda ƙirgensa ya tsaya a huɗu.
Tsarin da ke tuƙa injin nan ya tsufa,
mai bit talatin da biyu ne,
lambobin jakarsa ba su wuce nan ba.
Gina gidaje bayan iyakarsa,
shafa fenti, rataya fitila,
wasiƙa ba za ta je ba.
Gidan da ba shi da lamba,
a wurinsa fili ne.

"To, huɗun ma ai ba su cika ba."

Wannan kuma kason 'yan gida ne.
Mai zana hoton jikokinka a allo
ba shi da rumbun kansa,
tukunya ɗaya suke ci,
kuma shi ke fara sa hannu
tun injin bai gama miƙa ba.
Mai sauti ya kama lamba,
mai jawo intanet ya kama tasa.
Kamar albashi dai:
na takarda daban, na aljihu daban.

Ya ƙyalƙyale da dariya.
Shekara talatin yana akawu
a kamfanin kifi na Callao,
wa zai koya masa yadda lissafi ke ramewa a hanya?

Sol arba'in muka yi ciniki.
Zan sauke tsohon ɗan aike,
in ɗora mai sittin da huɗu,
wanda ƙirgensa ba ya gajiya.

Layin shuɗi na rarrafe a allo.
Ya dafa kanta, yana juya hularsa,
muryarsa ta yi ƙasa:
"Akwai wani lungu a Huancayo
inda na fara ganin Felícita.
Tana sayar da dafaffiyar masara da cuku.
Ina ganin tururin, ina jin ƙamshin,
amma sunan lungun
wata uku ke nan ina nema.
Yana ciki. Ina jin nauyinsa a nan."
Ya taɓa goshi.
"Ita kuma da zan tambaya
bara ta riga ni tafiya."

Ban ce komai ba.
Na kama goge sukuddirebar da ba ta da datti.

Injin ya farka. Bakwai da ɗigo takwas.
Ya matso da tabarau, ya karanta sau biyu.
"Har yanzu da saura."
Na ce, kullum da saura, Don.

Ya naɗe kayansa cikin bargo, ya biya.
A bakin matakala ya tsaya cak,
baki a buɗe,
kamar wanda ya ji ana buga ƙofa can cikin gida.
Na riƙe numfashi.

Ya girgiza kai, ya sauka cikin yayyafi.

Akwatina cike da faifai,
na kowane irin inji,
babu ko ɗaya na wannan.