Takardar Nutso

A Gamkalle, inda majema ke shanya fatu,
nake zama da hantsi ina kallon Isa.
Ƙafar hagu ta roba ce, ta gwamnati.
Ta ainihin tana can gabas,
cikin yashin da nakiya ta tona.
Ban koma nemanta ba.

Marfin tukunya in ya faɗi a gidanmu,
Ladidi takan same ni bayan randa.
Ɗan kabu-kabu ya buga salansa,
sai in ji ƙaurin taya, in ji Tanimun
yana kiran sunana da rabin baki.
Shekara huɗu ke nan yana kira.

Saini ne, tsohon ɗan kwana-kwana,
wanda ya sha tsamo mutane a gindin gada,
ya ce mini: Kofur, ƙasan ruwa babu ƙara,
numfashinka kaɗai ke magana.
Na ce, ba ni tulun iskar in goya.
Ya ce: kawo takardar likita.
Ba takarda, ba tulu, ko kai janar ne.

Asibiti, benci, lamba talatin da ɗaya.
Likita Balkisa ta sa na hura cikin bututu,
ta leƙa kunnen da ƙarar ta fasa, ta ce ya haɗe,
ta ƙirga ƙwayoyin barcina a tafin hannunta.
Dungulmin bai dame ta ba.
Kifi ma, in ji ta, ba shi da ƙafa.
Amma in abokinka ya kira ka a can ƙasa,
ka zabura sama da iska danƙare a ƙirji,
huhu zai yage kamar leda.
Ka dawo bayan wata uku.

Na zage ta a zuci har na haye gada.
Ranar da aka miƙa mini bindiga
wa ya tambayi abin da nake mafarki?
Yau ruwan Allah ne sai da hatimi?

Duk da haka na je.
Kowace Talata, ɗaki mai fanka, wani mai sauraro,
ina fitar da maganar ɗaya-ɗaya kamar ƙaya.
Kowace Asabar, kwarmin wanka na otal, ruwa iya ƙirji,
Saini na koya mini zance da yatsu:
wannan lafiya, wannan mu hau, wannan dakata.
Ƙwaya biyu ta koma ɗaya, ɗaya ta koma rabi.
Sau biyu na fizge abin baki na miƙe ina haki.
Saini bai ce komai ba. Ya miƙo mini shi.

Ranar hatimi ta rubuta da jan biro:
kada ya wuce mita biyar,
kada ya shiga shi kaɗai,
daren da bai yi barci ba, ruwa ya haramta.
Na linke ta huɗu, na sa inda nake sa laya.

Bazara ce, kogi ya ja baya, ya kwanta.
Na cire ƙafar na ba Zuwaira,
ta rungume ta a kan yashi kamar za a sace.
Igiya daga hannuna zuwa hannun Saini.

Isa ba ya nuna wa baƙo komai.
Ja ne da fari, sannan duhu.
Nauyin da nake ɗingishi da shi
ya tsaya a sama yana jirana.

Tanimun ya zo, ba zan ɓoye ba.
Ya kira sau ɗaya.
Na saki iska a hankali, na ƙirga kumfa,
bakwai, takwas,
sai ya yi shiru, kamar shi ma ya gaji.
Hannuna ya nutse cikin laka,
ya fito da tsohon kwaɗon ƙofa mara mabuɗi.

Da na fito Zuwaira ta rugo da ƙafar:
Baba, me ka gani?
Na ce, ba komai.
Me ka ji?
Na ce, ba komai, ɗiyata.
Minti goma sha ɗaya cur.