Kujerar Rahinatu

A Suwame na same ta, bayan shagon Isaka,
tsakanin tsofaffin tayoyi da ƙofar wata matacciyar mota:
'yar kujera shuɗiya mai ɗamara.
Na ja kowane zare, na duba maƙulli,
na biya, ban yi ciniki ba.

A Aboabo dariya suka yi.
Goggo Memuna ta ce, "Mu a cinya muka girma,
wa ya mutu?"
Na yi shiru.
Ban ba ta labarin Asabar ɗin nan ba, a mahaɗar Anloga,
da tirotiro ya ci birki a gabana, ni ma na ci,
ɗan fasinjata, bai cika shekara biyu ba,
ya suɓuce wa uwarsa kamar sabulu a hannun mai wanka.
Goshi ya sami gilashi.
Sai shiru.

Hannun uwa ƙarfe ne a tsakar gida,
a kan kwalta zare ne.

Ɗinki bakwai. Yaron ya tashi.
Amma har muka kai asibiti
tafin hannunta take kallo,
kamar wanda ya ci amanarta.

Yanzu kullum da safe Rahinatu sai ta yi kuka
in na ɗaure ta a baya.
Gaba take so, kusa da sitiyari, kusa da ni.
Nakan ja ɗamarar ta zauna daram,
in ji ƙas,
sannan in yi bisimilla in tayar da mota.

Yi kukanki, 'yata.
Kukan da nake gani ta madubi
ya fi mini shirun ranar nan.