Ɗaya ga Wata a Titin Almada

Shekara goma sha tara ina hawa benaye a Porto,
jakar fata a kafaɗa, littafin rasit a ciki.
Ƙofa ɗari biyu da arba'in da shida,
kowacce da irin muryar da take amsa ƙwanƙwasa.
Kuɗin shara, kuɗin lif, kuɗin fitilar matakala.
Dona Ermelinda sai ta zaunar da ni
ta ƙirga tsabar kuɗi a tebur kamar mai tsintar shinkafa.
Mutumin hawa na biyu kullum "jibi",
jibin da garinsa bai taɓa wayewa ba.

Sai ofis ya kawo Telmo, yaro mai tabarau.
Kwana uku yana ɗaura manhajarmu da ta banki
kamar mai haɗa bututun ruwa.
Ya ce, "Iolanda, kowa ya sa hannu sau ɗaya, shi ke nan.
Ɗaya ga wata, ƙarfe shida na safe,
kuɗi zai taso da ƙafarsa."

Haka kuwa aka yi.
Ina kurɓar kofi, allo yana cika da korayen layuka.
Mai jibi ma ya biya yana barci.
Ran ashirin da biyar in danna maɓalli ɗaya:
masu shara sittin da ɗaya, mai gyaran lif, kamfanin wuta,
haƙƙinsu ya tashi gaba ɗaya
kamar tattabarun bakin tasha in an tafa hannu.
Ba ambulan, ba layin banki cikin ruwan sama,
ba kwanan ofis ina farautar Yuro uku da suka ɓace.
Gwiwata ta daina kuka.
Ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗi,
har gobe ma ina ji.

Senhor Abílio yana hawa na biyar.
Tsohon matuƙin kwalekwale ne a kogin Douro.
A da yakan tare ni da kuɗinsa cif a hannun dama,
lemo ɗaya a hagu,
da labarin ambaliyar da na ji sau ɗari.
Layinsa kore ne a Nuwamba.
Kore a Disamba.
Fansho ya shiga ran takwas, namu ya fita ran ɗaya,
Janairu, Fabrairu, Maris,
ba a taɓa samun mai cika alkawari irinsa ba.

A Mayu aka sauya kamfanin lif,
dole kowa ya sake sa hannu.
Ɗari biyu da arba'in da biyar suka dawo da takarda.
Na kira waya, tana ta ƙara.
Na ɗauko tsohuwar jakata, na hau.

Wasiƙu sun toshe ƙarƙashin ƙofar.
'Yan kwana-kwana ne suka ɓalle ta.
Ban shiga ba.
Daga inda nake tsaye na hango kwano a kan tebur,
lemo huɗu a ciki, sun ƙanƙance, sun yi baƙi.
Likita ya ce tun kafin Kirsimeti.

Telmo ya cire tabarau ya goge, ya sake gogewa.
Ya ce, "Manhajar ba ta yi kuskure ba."
Na ce na sani.
Abin da aka tambaye ta shi ta amsa.
Na ce ya ƙara mini gurbi ɗaya a gefen kowane suna.
Ya ce, "Banki ba shi da abin da zai zuba a ciki.
Me zan kira shi?"
Na ce, rubuta: an gan shi.
Ni zan riƙa cikewa.

Yanzu ran Alhamis nake hawa, ba littafi.
Gwiwar ta dawo da ƙorafinta.
Jiya Dona Ermelinda ta leƙo ta bayan sarƙa,
ta ce, "Nawa ake bi na?"
Na ce ko sisi.
Ta dube ni sama da ƙasa.
"To me kika zo yi?"
Tana faɗa tana zare sarƙar.