Ƙofar Fita

Ƙarfe biyun dare a Farin Gada,
sanyin Jos ya biyo ƙasan ƙofa ya kama ni a idon sawu,
amma batirin da ke cikin kwamfutata ci yake da wuta.
Digiri ɗari huɗu, in ji allo,
ja wur kamar garwashin mai tsire.
Ƙarya ne, na kuwa san ƙarya ne.
Na gasken yana can kan benci,
ƙwayoyi casa'in da shida da Davou ya jera da hannunsa,
sanyi ƙalau, ba su san ana babbaka su a lissafi ba.

Ni na zana bututun da zai sanyaya su,
yana ratsa su kamar maciji tsakanin tukwane.
Na yayyanka shi ya zama raga, ido dubu ɗari bakwai.
Na ce wa ruwa: shiga nan da gudu kaza.
Na ce masa: fita can da gudu kaza.
Layin kuskure ya sauka, ya sauka, har na miƙa hannu ga kofin shayi,
sai ya yi tsalle ya bar allo,
kamar akuyar da ta hango wuƙa.

Na zargi raga, na ƙara mata ido.
Na zargi kwamfuta, na bar ta ta huce.
Na gano lita a minti da na rubuta a daƙiƙa,
na ji kunya ni kaɗai a ɗaki, na gyara.
Wutar ta ragu, ba ta mutu ba.
Da na matso da hoton bakin mafita
sai ga ƙananan kibiyoyi sun juya baya,
ruwan da na kora yana komowa ciki
kamar baƙon da ya manta takalminsa.

Nan Baba ya faɗo mini a rai.
Shekara talatin yana haƙa lambatu a filin kuza na Bukur,
bai taɓa riƙe alƙalami ba sai ranar biya.
Wata damina ina ƙarama na tare kwatar gidanmu gaba da baya,
ya tsaya yana kallona, laka har gwiwa:
"Barira, ruwa ba ya karɓar umarni biyu.
Faɗa masa ta ina zai shigo,
ki buɗe masa gangare, ki janye hannunki."

Na koma mafita na goge gudun da na ɗora mata.
Na bar mata matsin sarari kawai, na ce: je ka abinka.
Na ƙara wa bututun tsawo, faɗinsa sau goma,
don juyin ruwan ya gama rigimarsa kafin ya kai iyaka.
Na danna. Na rufe ido.

Motocin kabeji sun fara sauke kaya a kasuwa
lokacin da layin ya kwanta bai sake tashi ba.
Abin da ya shiga, shi ya fita, ba ƙari ba ragi.
Allo ya yi shuɗi, digiri talatin da huɗu,
sai ƙwaya ɗaya can a lungu, ta saba'in da ɗaya,
ta yi ruwan goro, arba'in da bakwai.
Wannan karon ban ce ƙarya ne ba.

Davou ya shigo da ƙosai a takarda, hularsa har kunne.
Na nuna masa lungun da yatsa mai maiƙo.
Ya daɗe yana kallo, ya ja tsaki,
ya ce sai an kwance farantin duka, a sake lanƙwasa bututu,
ga Tanimu mai keke zai zo da azahar,
yana so ya hau tudun Naraguta da fasinja huɗu.
Na ce ya gaya masa sai jibi.
Na ci ƙosai biyu a tsaye,
na je neman sifana mai lamba goma.