Matashin Jar Fata

Bakwaini aka haife shi, a tsakiyar bazara,
sai da na cire zobena kafin in taɓa shi.
Muka sa masa Sahabi.
Wata tara ya cika, wuya bai tsaya ba,
kai na lilo kamar tulu a kan gammon da ya kwance,
hannun dama a dunƙule
kamar ya taho da wani abu daga can, ya hana mu gani.

Ni baduku ne a Madunka.
Na san fatar da ta yi taurin kai, na san lallashinta:
mai kaɗan, murza kaɗan, a bar ta ta kwana.
Ɗana kuwa, ban san ta inda ake kama shi ba.

Ran Laraba Malama Luba ta sauka daga kabu-kabu,
mai gashin ƙashi, in ji takardar asibiti.
Na saci kallon jakarta, ba allura, ba kwalba.
Ta ce a shimfiɗa tabarma a gindin dogon yaro,
ta nemi murfin kwano da tsohon zane.
Ta ce, "Awa guda gare ni a mako,
sauran duk naku ne. Ku matso."

Ta kifa shi a kan cikinsa.
Inno ta zabura da carbi a hannu:
"Ɗiya goma nig goya, ban taɓa ganin wanga aiki ba!"
Luba ba ta ja da ita ba.
"Inno, goyon naki ma magani ne,
yau dai a juya masa kai hagu, gobe dama."
Tsohuwa ta koma ta zauna.
An ba ta aiki, faɗa ya mutu.

Kulu ke kwantar da shi a ƙirjinta bayan wanka,
don ya nemi fuskarta ya ɗago.
Ige, mai shekara shida, ta zuba tsakuwa a gwangwanin madara,
tana kaɗawa daga kunnen nan zuwa wancan.
Ni na ɗinka matashi da jar fatar akuya,
tsawon kamu ɗaya, na cusa audugar rimi,
na bar masa geza a baki, don hannu ya saba da ado.
Shi ake tokara masa a ƙarƙashin hammata.

Akwai makon da muka gaji.
Tabarma ta kwana bakwai a naɗe.
Maƙwabta na cewa iska ce, a nemi hayaƙi.
Na ji Kulu a bayan madafa, ba albasa take yanka ba.
Luba ta zo, ta dubi tabarmar, ta dube mu,
ta tambayi Kulu yaushe rabonta da barci.
Ranar ba a taɓa yaro ba.
Daga nan ni na karɓi na asuba.

Wata la'asar, ba wuta, ganye ko motsi ba ya yi,
Ige na kaɗa gwangwaninta da hamma,
sai kai ya taso.
Yana rawa, amma ya taso.
Na fara ƙirga a gaɓoɓin yatsu kamar mai tasbihi,
bakwai, takwas,
Inno ta toshe bakinta da gefen mayafi,
sha ɗaya,
hannun nan ya miƙa, ya buɗe, ya cafki geza.

Daga baya na duba tafin.
Ba komai ciki sai gumi da zaren zane.

Da Laraba ta zo, ɗan nema ya ƙi yi,
ya kwantar da kunci a kan matashi yana kallon kaji.
Luba ta yi dariya, ta rubuta sha ɗaya a littafinta,
ta ce shaidarmu ta isa.

Bai zauna ba tukuna.
Ba wanda ya yi mana alkawarin rana.
Ni dai na yanka fatar takalmi, tsawon ɗan yatsana,
na tura ƙarƙashin buzun shago.
Ban gaya wa Kulu ba.