Ƙarfe Goma na Lahadi

Jiya aka kai Ustaz Matta Kafi makwancinsa
a bayan gari, inda lakar Gadarif
ke riƙe takalmin mutum kamar mai bin bashi.
Na tsaya daga baya-baya.
Ban san waƙar da suke rerawa ba,
amma na san muryar da babu a ciki.

Daga duwatsun Nuba ya sauko,
da akwatin ƙarfe guda da Littafi mai baƙin bango,
ya kama haya a unguwarmu
tsakanin mai agashe da masu awon riɗi.
Hausarsa ta farko "sannu",
ta biyu "nawa ne",
ta uku zagi ne da yara suka ba shi da sunan gaisuwa.
Ya ɗauka da hannu bibbiyu ya kai wa liman,
liman ya yi dariya har rawani ya kwance.

Lissafi ya koya mana.
In alli ya ƙare, sai ya fito da mu tsakar makaranta
ya zana da tsinke a ƙasa:
buhun dawa tara, magada bakwai.
"To, ragowar fa? Ta wa ce?"
Na ce tawa.
Ya kama kunnena, bai murɗa ba:
"Ragowa ta maƙwabci ce, Haladu. Rubuta."

Majami'arsu ba ta da ƙararrawa.
Tsohon faifan garma ne rataye a dogon yaro,
shi ke buga shi, shekara talatin da ɗaya,
bugu uku, ya huta, bugu uku.
Ranar da ruwa ya cinye hanya
ya saɓa kekensa a kafaɗa, ya naɗe wando,
ya je ya tarar da tsofaffi biyu da akuya mai fakewa.
Bai rage ko baiti ɗaya ba.

Ran Lahadi sai ƙarfe goma yake shigowa aji,
farar riga, guga kamar bakin wuƙa,
sauran waƙa na yawo a maƙogwaronsa.
Duk mai laifi yakan ajiye laifinsa sai ranar,
don mun gane Lahadi ba ta da bulala.

A gida kuwa ba Ustaz ba ne.
Marta na zuba kisra a tanda,
shi yana gyaran littattafanmu da jan biro,
Istir a cinya tana jan gilashinsa.
Na taɓa samun goma bisa goma
da sawun yatsan miya a gefe.
Wata uku albashi bai zo ba,
rediyon ya bar kan teburi, ba wanda ya yi zancensa,
yara biyar dai ba su fasa zuwa makaranta ba.
Shekarar da zazzaɓi ya ɗauke Nahum
ya dawo aji ran kwana na huɗu,
ya kira suna, ya kai kan layin ɗansa,
ya yi shiru.
Mu arba'in muka amsa masa da shiru.

Da azumi yakan fito da tulun zoɓo
ya zauna a bakin tabarmarmu har a kira salla.
Da Kirsimeti faranti kan tsallako danga.
Mahaifina bai taɓa shiga ɗakin ibadarsa ba,
shi ma bai shiga namu ba,
amma tsani ɗaya gidajen biyu suka tsufa da shi.

Yau wani yaro ya buga faifan.
Sauri yake yi, bai san wurin hutawa ba.
Ina rumfata a kasuwar riɗi,
na duba agogo: goma saura kaɗan.
Na auna, na auna, mudu ya cika ya bar saura,
na tattara da gefen hannu,
na tura wa na kusa da ni.