Bangon Ɗakin Iya Marka

Ran sadakar arba'in muka janye gadon ƙarfe,
sai ga bango cike da zanen gawayi,
biyar-biyar, tun daga ƙasa
har inda hannunki ke kaiwa in kin yi ɗage.
Kawu Ɗanjuma ya ce bashi ne,
a kawo biro, a lissafa, a bi mutane.

Ban ga laifinsa ba.
Wa bai ci kuɗinki ba a Kakatare?
Ke da kika fara da faifan ƙuli-ƙuli ɗaya
tun haƙoran gaba ba su gama fitowa ba,
kika shekara saba'in kina matsar tunkuza
har tafin hannunki ya daina sanin zafi.
Kwalaben man gyaɗa a zaure kamar sahun salla.
Litinin kina kasuwar Marwa,
Laraba kina bisa buhunan albasa a bayan mota, sai Kuseri,
ki dawo da bandar kifi, da kanwa, da labarin da zai kai mu mako.

Da dala-dala kike ƙirga sefa,
kafin mai shago ya gama danna na'ura
kin faɗa masa canjinsa.
Ciniki da Fulatanci, faɗa da Hausa,
jandarma kuwa kalma uku ta Faransanci kika tanadar masa,
kuma ba su taɓa kasawa ba.

In za ki kira ni
sai kin bi ta kan Larai, da Kande, da Tasalla,
da wata Yelwa da ta rasu tun ban zo duniya ba,
sannan ki ce, "Ke! Ke dai nake nufi."
Mun yi kuka da bakinki, Iya.
Yanzu gidan ya yi shirun da ba mu roƙa ba.

Muna nan tsaye sai ga Goggo Dudu da sandarta,
ta shafa bangon kamar mai gaida tsohuwar ƙawa,
ta yi dariyar da ba haƙori a ciki.
"Bashi? Marka ba ta rubuta bashi.
A ka take ajiye shi,
in azumi ya kama ta mance rabi da gangan.
Waɗannan cibi ne.
Duk jaririn da ya faɗo hannunta
sai ta dawo, ko alwala ba ta yi ba, ta ja masa layi."

Ta nuna wani mai kauri can gefe:
"Wannan daren da mayo ya cika ya batse ne,
maza na bakin gaɓa suna jiran ruwa ya janye,
ita ta ɗaure zane a ƙirji, reza da zare a bisa kai,
ta ce cikin marka aka haife ta,
ruwa ba zai ci ɗiyarsa ba.
Tagwaye ta karɓa a Domayo kafin asalatu."

"Waɗanda aka shafe da yatsa fa?"
Goggo ta yi shiru.
"Su ne waɗanda ba su kwana ba.
Ba ta yarda a ce ba su zo ba."

Mun ƙirga har ɗari huɗu da wani abu
ladan ya katse mu.
Kawu ya mai da biro aljihu,
ya matsa kusa, da furfurarsa da komai,
yana tambaya a hankali wanne ne nasa.

Ranar da za ki tafi ma sai da kika share tsakar gida,
kika soya gyaɗa mudu biyu,
kika ce a bar ta ta huce,
za ki ɗan kishingiɗa.

Ta huce, Iya.
Bokitin fentin da aka sayo yana bayan ƙofa,
har yau ba wanda ya buɗe shi.
Allah Ya karɓe ki da hannu biyu,
yadda kika karɓe mu.